Silifas ɗin Sagiru

Na hau keke daga Anguwan Rogo da sanyin safiya.
Na ce wa Hajjo Faringada za ni, in duba tumatir.
Ta kalle ni, ta ci gaba da dama koko.

Ɗakin ba ya warin asibiti.
Kujeru biyu, gorar ruwa,
taga mai kallon duwatsun Shere.
Likita Kangyang ta ajiye biro ta ce,
"Ba sai ka ba ni labarin duka ba."
Shekara ashirin da uku
ba wanda ya taɓa yi mini wannan rangwame.

Makon jiya ta sa na nemi mafaka a cikin kaina,
inda zan ruga in abin ya fi ƙarfina.
Na zaɓi madafar kakata a Bukur,
gwaten acca yana ɓararraka,
gauta da yakuwa, hayaƙi yana cizon ido.
Yau ta ce mu bar ƙofar madafar a buɗe,
mu leƙa waje.

"Wane hoto ne ya fi zuwa?"
Na ce takalmi.
Silifas shuɗi, an ɗaure hancin ɗaya da waya.
Sagiru ya miƙo mini, ya ce riƙe,
ya faɗa kududdufin kuza,
ruwan nan kore da ke kwance lumui
kamar bai san sunan kowa ba.
Mun yi da shi zan ƙirga
mu ga tsawon numfashinsa.
Sai da na kai ɗari da arba'in
sannan na yi ihu.

"Daga sifili zuwa goma, ina zafin yake?"
Ni da ƙirga ba ma ga maciji.
Na ce goma,
don ma'aunin nata a nan ya ƙare.

Ta ɗaga yatsu biyu.
"Kanka a tsaye, ido kawai."
Hagu, dama, hagu, dama,
kamar waifar mota a ruwan Agusta,
tana sharewa, ruwa na dawowa.
Na ce a raina, wannan ai wasan yara ne,
kuɗin kekena ya tafi a banza.
Sai maƙogwarona ya toshe.
Sai tafin hannuna ya ji roba mai ɗumi.

"Ja numfashi. Me ya zo?"
Na ce warin laka.
"Bi shi."
Hagu, dama.
Muryar Baba da daddare, a bayan labule:
"Yana tsaye fa. Yana kallo."
"Bi shi."
Hagu, dama, hagu.
Sai ga yaron da ke bakin gaɓa,
karo na farko na gan shi daga waje.
Wando ya yi masa yawa, an naɗe ƙugu.
Haƙorin gaba bai gama fitowa ba.
Yana ƙirgawa da gaskiya,
ba ya tsallake ko ɗaya,
don yayansa ya ce ya ƙirga.

Shekararsa takwas.
Ɗana Nuhu takwas gare shi bana,
jiya ma ni na ɗaure masa mazagi.

Ban san na yi kuka ba
sai da ta turo gorar ruwa.
"Yanzu nawa?"
Na daɗe ina lalube a ƙirjina.
Na ce tara.
Na ji kunya, kamar na ci amanar Sagiru da ɗaya.
Ta ce mafarki zai iya yawa a makon nan,
in rubuta, in kawo ran Talata.

Na biya Faringada na sayi tumatir
don ƙaryata ta samu abin riƙewa.
A ƙofar ɗaki na tarar da takalman Nuhu,
ɗaya a kife.
Na sunkuya na ɗauka.
Hannuna ya yi rawa.
Ban ajiye da sauri ba.